Filin Tambaya da Amsa: Shekara uku muna rabon tallafi, fuskokin ba su canza ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Mu 'yar ƙungiyar sa kai ce a unguwarmu, mu goma sha biyu, duk ƙarshen wata muna haɗa abin da ya sawwaƙa mu sayi kayan masarufi mu raba wa gidajen da ba su da ƙarfi, wani lokacin mu biya wa wani kuɗin haya ko na magani. Shekara uku kenan amma wallahi fuskokin da muka fara gani su ne dai har yau, ga mutanenmu jikinsu ya fara sanyi, ko a grup ka yi magana ba mai tankawa. Anya muna yin wani abu kuwa? Ko mu koma ba da rancen jari ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kuna yi mana, yaron da ya kwana da abu a cikinsa saboda ku ba ƙaramin abu aka yi masa ba, kada ki bari wani ya raina miki wannan. Amma na lura da abu ɗaya a saƙonki, ku goma sha biyu ne kuke zama ku yanke wa za a ba da abin da za a ba shi, su kuma gidajen nan nasu kawai miƙo hannu. To ai dole ku gaji, kuma dole su dawo, tunda ba a taɓa tambayarsu me ke cinye musu ɗan abin da suke samu ba. Talaucin birni daban yake, komai da kuɗi ne, ɗakin kwana da ruwa da makewayi da kuɗin mota zuwa wurin aiki, rana ɗaya mutum ya kwanta ciwo shi kenan babu na gobe.

A unguwar Orangi da ke Karachi a Pakistan, wani dattijo Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a 1980, bai zo da buhu ko ɗaya ba, sai da ya yi ta zagayawa yana sauraron mutane har ya gane ƙazamin ruwan da ke kwance a lunguna shi ke sa musu ciwo yana lashe kuɗinsu. Kowane layi suka zaɓi mutum nasu, suka tara kuɗi da kansu, suka haƙa suka shimfiɗa bututun, ita ƙungiyar da dattijon ya kafa nata shi ne awo da taswira da aron kayan aiki da koya musu yadda za a yi da araha, babban magudanar kuma aka bar wa hukuma. A Mumbai ta Indiya ma matan da ke kwana a bakin titi sun kafa ƙungiyarsu mai suna Mahila Milan a 1986 da taimakon ƙungiyar SPARC, kullum mace ɗaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓi canjin da ya rage a rubuta, in wata ta shiga matsala a ranta mata daga ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne zagayen nan na kullum, mai karɓar kuɗin ita ke fara sanin wa aka kora daga aiki, wa ke jinya, tun kafin abin ya yi nisa.

Zancen rance kuwa ki bi a hankali. Tun da bankin Grameen na Muhammad Yunus, mai ba talakawa ƙananan rance a Bangladesh, ya yi suna, har suka sami kyautar Nobel a 2006, kowa ya ɗauka rance shi ne maganin, amma binciken da aka fitar a 2015 daga ƙasashe 6 ya nuna amfaninsa kaɗan ne, yana taimakon mai sana'a a hannu ya faɗaɗa, bai cika fitar da wanda ba shi da komai daga talauci ba. Matar da gidanta ba a ci ba in kin ba ta jari cinyewa za ta yi, kuma ba laifinta ba ne, sai ki wayi gari kin zama mai bin ta bashi tana ɓuya in ta hango ki. Ga masu irin wannan hali tsarin da ƙungiyar agaji ta BRAC ta fara a Bangladesh a 2002 ya fi dacewa, kyautar abin sana'a a ba mutum, a haɗa masa da ɗan kuɗin cefane na wasu watanni don kada ya sayar da abin, a riƙa leƙa shi a kai a kai har kusan shekara biyu. A karkara aka fi gwada shi, kuma yana cin kuɗi, don haka da ƙarfinku gida biyu ko uku za ku iya ɗauka a lokaci guda, ba duka ba.

Kada ku yanke rabon lokaci ɗaya, akwai tsofaffi da marasa lafiya da shi ne kawai madogararsu. Amma mitin ɗinku na gaba ku kira matan gidajen nan su zauna tare da ku, ku bar su su yi lissafin inda kuɗinsu ke tafiya a wata, biyu daga cikinsu su shiga kwamiti, ɗaya ta riƙe littafi tare da ma'ajinku, duk abin da ya shigo ko ya fita a karanta shi a gaban kowa. Kuma don Allah ku daina ɗaukar su hoto lokacin karɓa in kuna yi, rasit ya ishi mai ba da gudummawa shaida. Ki sake rubuto min bayan wata uku in ji me suka ce shi ne babbar damuwarsu.