Tambaya da Amsa: Shin Akwai Rege ɗan Ingila?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun yi gardama da abokina a majalisa. Ni na ce duk wani rege daga Jamaika ya fito, shi kuma ya dage cewa akwai wanda aka haifa a Ingila. Don Allah a raba mana gardama. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, abokinka ne da gaskiya, ko da yake kai ma ba ka yi nisa da ita ba. Jamaika ce uwa, wannan babu ja.

Tun daga 1948, lokacin da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke fasinjojinsa a tashar Tilbury kusa da Landan, mutanen Jamaika suka yi ta kwarara Ingila neman aiki. Gidajen rawa da yawa ba sa maraba da baƙar fata, rediyo kuma ba ta damu da kiɗansu ba. Sai suka koma harhaɗa manyan sifikoki suna kwana rawa a gidajen juna. Masu sifikokin nan kullum suna neman sabon faifai, kuma wannan buƙatar ce ta haifi ƙananan kamfanoni. Blue Beat ya fara a 1960. Chris Blackwell ya kawo kamfaninsa Island Landan daga Jamaika a 1962, yana yawo da faya-faye a bayan motarsa shago-shago. Pama na 'yan gidan Palmer ya zo a 1967, Trojan a 1968. Amma yawancin abin da suke bugawa a Kingston, babban birnin Jamaika, aka ɗauko shi.

Wanda ni nake jinjina wa, kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne Sonny Roberts. Kafinta ne ɗan Jamaika. A 1961 ya buɗe situdiyo a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Kilburn, ya sa wa kamfaninsa suna Planetone, ya shiga ɗaukar mawaƙan da ke zaune a nan Landan. Daga baya, da kamfaninsa Orbitone, har ƙungiyar Nkengas ta Najeriya ya buga wa faifai.

An daɗe ana raina regen Ingila, har su kansu masu sifikokin suna cewa kwaikwayo ne, ba shi da nauyin na gida. 'Yan mata ne suka karya wannan raini. A 1975 Lloyd Coxsone, ɗaya daga cikin masu sifikokin, ya ɗauki Louisa Mark, yarinya 'yar makaranta, tana waƙar soyayya, ƙungiyar Matumbi ta Dennis Bovell na yi mata kiɗa. Daga nan salon da ake kira lovers rock ya kankama, sunan da ya samo daga ƙaramin kamfanin Dennis Harris a kudancin Landan. A 1979 waƙar Janet Kay ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya. Wannan salo kam a Landan aka yanke masa cibiya, kuma har yau in na ji shi sai jikina ya yi sanyi.

Samarin kuma suka ɗauki ɓangaren gwagwarmaya: Aswad a Landan, Steel Pulse a unguwar Handsworth ta Birmingham, suna waƙa kan wariya da tsangwamar 'yan sanda da suke sha a titunan da suka tashi. In za ka koma majalisa, nemi faifan Steel Pulse na 1978 ku saurara tare da abokin naka.