Tambaya da Amsa: Wurin Cajin Motocin Lantarki da Dokokin Tsara Gari

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya: inda doka ta yarda a kafa cajar mota, da abin da ke sa aikin ya maƙale. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita tambayoyin.

Assalamu alaikum. Ina da rukunin shaguna mai wurin ajiye motoci 40, ina so in sa caja shida. Da na je neman izini, jami'in ya ce sai na sauya rajistar filin zuwa ta gidan mai. Haka doka ta ce? — Alhaji, mai rukunin shaguna

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai ka roƙe shi ya nuna maka sashen dokar a rubuce. Sau da yawa za ka tarar babu shi. Dokar tsara gari tana raba ƙasa yanki-yanki, nan na gidajen zama, can na kasuwanci, can na masana'antu, kuma kowane yanki da jerin abin da aka yarda a yi a cikinsa. Yawancin waɗannan dokoki an rubuta su tun ba a san cajar mota ba, don haka jami'in da bai ga sunanta a jeri ba sai ya laluba abin da ya fi kama da ita, ya faɗa kan gidan mai.

Kamannin na zahiri ne kawai. Abin da ya sa ake tsananta wa gidan mai shi ne tankin da aka binne, tururin fetur mai kama wuta, tankar da ke shigowa sauke kaya, da tsoron mai ya tsiyaya ya gurɓata ruwan ƙasa. Caja ba ta da ko ɗaya daga ciki. Hujjarka ita ce: babban aikin filin shaguna ne, caja kuwa 'yar rakiya ce ga wurin ajiye motocin da ke nan tun asali, kamar fitilun harabar. Jihar New Jersey ta Amurka ta yanke wannan gardama da doka a 2021, ta ce caja halastacciyar 'yar rakiya ce a kowane yanki, ba sai an nemi sassauci na musamman ba. Kalifoniya ta riga ta a 2015 da dokar da ta tilasta wa birane sauƙaƙa izinin, sannan a 2021 ta sa wa'adi: aikin da bai wuce caja 25 ba, in an yi kwanakin aiki biyar ba a ce takardu sun gaza ba to sun cika, in kuma an ƙara kwanakin aiki 20 ba a amsa ba to an amince.

Ka shigar da buƙatar a matsayin aikin lantarki a harabar da ta riga ta samu izini. Ka haɗa da taswirar harabar mai nuna gurbin kowace caja da hanyar da waya za ta bi, zanen haɗin wuta daga mita zuwa caja, lissafin nauyin wutar ginin kafin aikin da bayansa, takardar bayanin na'urar daga kamfanin da ya ƙera ta, da wasiƙar kamfanin wuta.

Akwai tarko guda da ba a cika lura da shi ba. In izinin gininka ya ce lallai gurbin mota 40, sai akwatin wuta ya cinye biyu, ka koma 38, ka saɓa wa izinin da ke hannunka. Ka ƙirga tun yanzu. New Jersey ta magance wannan ta hanyar ƙirga gurbin caja ɗaya a matsayin biyu, muddin ragin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Amma fa in fili ne fanko za a mayar da shi kacokan wurin caji, to ya zama babban aiki, kuma hukuma na da haƙƙin tambayar mashiga da mafita da cunkoson da zai jawo.

Ina cikin kwamitin da ke sabunta dokar gine-gine ta ƙaramar hukuma. Caja nawa ya kamata mu wajabta wa sabbin gine-gine? — Wata 'yar kwamiti

Hajiya, shawararmu ita ce ku rage damuwa da yawan caja, ku ƙarfafa batun bututu. Matakan shiri uku ne. Na farko, a binne bututun da waya za ta bi, a bar gurbi a akwatin rarraba wuta. Na biyu, a ja wayar har gurbin motar, a sa bireka, a tsaya nan. Na uku, a kafa cajar kanta. Caja na'ura ce da ke tsufa, a sauya ta cikin yini guda. Abin da ke cin kuɗi shi ne fasa kwalta ko kankare bayan an gama gini, a haƙa rami, a mayar, a sake shimfiɗa. Bututun roba da aka jefa a rami tun ana aikin tushe kusan kyauta ne in aka kwatanta.

Ga abin da wasu suka yi. A Ingila, tun Yunin 2022, sabon gida mai wurin ajiye mota sai da caja, sabon ginin da ba na zama ba mai gurbi fiye da goma kuwa sai da caja ɗaya da hanyar waya ga ɗaya cikin kowane gurbi biyar. New Jersey ta ce ginin haya mai gidaje biyar ko fiye ya shirya kashi 15 cikin 100 na guraben.

Ku rubuta ƙananan sharuɗɗan da ke sa bututu ya yi amfani, don an sha binne shi ya tashi a banza. Faɗinsa kada ya gaza milimita 50 ga ƙaramar caja. A bar igiyar jan waya a ciki, a toshe bakunansa biyu don ƙasa da ruwa da ɓera. Lanƙwasa kada ta wuce huɗu tsakanin akwatin dubawa da na gaba, in ba haka ba wayar ba za ta jawu ba. A kuma nuna shi a taswirar ƙarshe da za a ajiye a ofis, saboda bayan shekara biyar babu mai tuna inda yake.

Sai batun nauyin wuta, inda dokoki da yawa ke wuce gona da iri. Gurbi 20, kowanne da cajar kilowat 7.4, ya zama kilowat 148 in aka ce duka su ja a lokaci guda, kuma wannan na iya tilasta sabuwar taransifoma. To amma mota tana shan wajen yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100. Mai yin kilomita 50 a yini yunit 10 ya ishe shi. Motoci 20 yunit 200 ke nan, a raba cikin awa takwas na dare, kilowat 25 kacal. Ku yarda a dokarku a yi amfani da na'urar da ke raba wuta tsakanin cajoji gwargwadon abin da ginin zai iya ɗauka. Kada kuma ku ambaci irin kan filogi a doka. Filogin CHAdeMO da ake yayi a da yanzu yana ja da baya, kuma tun 2023 manyan kamfanonin mota a Amurka suka koma irin na Tesla.

Muna shirin kafa caja huɗu masu sauri a bakin babbar hanya. Mun biya kuɗin fili, sai injiniya ya ce wutar wurin ba za ta ɗauka ba. Ta yaya? — Wani ɗan kasuwa

Malam, an fara daga inda ya kamata a ƙare. Ƙaramar caja a layi ɗaya na bolt 230 da amfiya 32 tana ba da kilowat 7.4, a layi uku ta kai 22. Mai sauri kuwa daga 50 take farawa har 350 ko fiye. Huɗu masu 150 kilowat 600 ne. Ƙara asarar da ake yi wajen juya wutar, ka doshi kVA 650 (ma'aunin ƙarfin taransifoma ke nan), wato sama da amfiya 900 a layi uku na bolt 400. Wayar da ke ciyar da shaguna ba ta ɗaukar wannan. Kana buƙatar taransifomarka ta kanka, mai kVA 750 ko 800, da reshe daga babban layi.

Saboda haka kamfanin wuta ake fara tuntuɓa, kafin fili, kafin odar na'ura. Tambayoyi uku: nisan babban layi daga filin, ko yana da sauran ƙarfi, da tsawon jiran haɗi. Jiran taransifoma da haɗi ya kan fi na izinin gini tsawo nesa ba kusa ba. In reshen zai ratsa filin wani ko ya tsallaka titi, wannan ma izini ne mai zaman kansa.

Tunda ka riga ka biya, mafita biyu ce. Ko ka sayi akwatin wuta ɗaya mai kilowat 300 da ke raba ƙarfinsa ga bakuna huɗu, tunda mota ba ta jan cikakken ƙarfi sai batirinta na ƙasa, kuma tana sassautawa sosai in ta kusa kashi 80. Ko ka ƙara babban batirin ajiya da zai cika a hankali ya saki da sauri. Na biyun zai jawo jami'an kashe gobara cikin maganar, da tazarar da za su nema tsakaninsa da gini.

An kafa caja masu sauri jikin katangarmu. Da dare ƙara da haske ba sa barin mu barci. Muna da abin cewa? — Wata uwar gida

Kuna da shi, Hajiya. Ƙarar daga fankokin sanyaya akwatin wuta take, da kuma gurnanin taransifoma. Ki kai koke a rubuce ga hukumar da ta ba da izini, ki nemi a auna ƙarar da dare daga bakin katangarku a gwada da iyakar da dokar yankin zama ta sa. Gyaran ba mai wuya ba ne: yawancin na'urorin ana iya rage musu ƙarfi da dare, a gina shinge mai tare sauti ba tare da an toshe musu iska ba, a sa wa fitilu hula su dubi ƙasa, a dushe hasken allon.

Wane kuskure kuka fi gani a shimfiɗar wurin? — Ɗalibin tsara birane

Mantawa da cewa ba a wuri ɗaya ramin caji yake a jikin kowace mota ba. Wata a hanci, wata a baya ta hagu, wata a gefen dama. Dokar lantarki ta Amurka ta taƙaita wayar caja a ƙafa 25, kimanin mita 7.5, sai in akwai abin ɗaga ta, kuma ta masu sauri ta fi haka gajarta saboda nauyi. Ka sa cajar a tsakiyar kan gurbi ko tsakanin gurbi biyu, ka gwada da mota ta shiga da gaba da kuma da baya. Waya kada ta taɓa ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa.

Na biyu, mai keken guragu. Hukumar da ke kula da wannan fanni a Amurka ta ba da shawarar gurbi mai faɗin ƙafa 11, wajen mita 3.4, da fili na ƙafa biyar a gefensa. Allo da filogi kada su wuce santimita 122 daga ƙasa. Abin takaici, sau da yawa turakun ƙarfen da aka kafa don kare caja daga karo su ne ke hana keken isa gare ta, ko a ɗora ta kan dakali mai tudu ba gangara. Ka bar tazarar da keke zai wuce tsakanin turaku.

Sauran a gurguje. Kada ka sa caja a kwarin da ruwa ke kwanciya. Ɗaga gindin akwatin, ka karkata ƙasa zuwa magudana. A gidan mai, caja ta tsaya wajen da'irar haɗari ta famfo da bututun numfashin tanki. Kowace caja da nata layin da nata abin katse wuta in ta zube, irin wanda ke gane zubar wutar batir ta miliamfiya shida, don irin wannan zuba na iya hana na gida zalla aiki. Bireka kuma a ba ta rarar kashi 25 cikin 100 bisa ƙa'idar Amurka, saboda caji na ɗaukar awoyi ba hutu: cajar amfiya 40 bireka mai 50, ta 48 mai 60.