Sarum ne ya sa wa Babanmu ciwon sukari?

Tambaya: Likita, mahaifinmu mai shekara 62 yana kwance rai a hannun Allah da ciwon huhu. Kwana biyu da kwanciyarsa aka ce sukarinsa ya kai giram 3,8 a litar jini, alhali bai taɓa ciwon sukari ba. Ƴan gida sun ce sarum ɗin (ƙarin ruwa) da aka ɗaura masa ne. Haka ne? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ƴar'uwa. Sarum mai sukari yana iya ɗaga awo na ɗan lokaci, amma ba ya haifar da ciwon sukari. Zatona ya fi ƙarfi cewa ciwon ya daɗe a jikinsa. A Afirka, fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Dattijo ya yini da gorar ruwa a ce zafin bazara ne, ya tashi fitsari sau huɗu cikin dare a ce tsufa ne, wando ya yi masa yawa a ce tunani ne. Ki tambayi Inna ko ta taɓa ganin tururuwa ta taru inda ya yi fitsari.

Sai dai ciwo mai tsanani shi kansa yana tayar da sukari ko ga mai lafiya, haka ma allurai irin su dexamethasone. Awon da ke raba gardama shi ne HbA1c, mai nuna sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. In ya kai 6,5 cikin ɗari, ciwon ya riga kwanciyar. Amma in Baba na da ƙarancin jini ko an yi masa ƙarin jini, ku faɗa wa likitansa, don awon na iya ruɗarwa.

Abin da ke damuna shi ne halin da yake ciki yanzu. Sukari in ya yi yawa yana raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, sai ciwon huhun ya ƙi jin magani da wuri. Yana kuma jan ruwan jiki ya fita ta fitsari, ƙoda ta galabaita, har mutum ya suma. Shi ya sa ake ba da insulin, allurar da ke rage sukari, a riƙe sukarin tsakanin giram 1,4 da 1,8, ba a saukar da shi can ƙasa ba, don faɗuwarsa ma tana kisa.

Don Allah kar ku hana a yi masa insulin. Ƴan dubiya kuma su dakata da lemon kwalba da kunu mai sukari. Bayan sallama a sake awo da safe kafin ya karya. Giram 1,26 ko fiye, sau biyu, ya tabbatar da ciwon.