Manoman lambu a Legas: lissafin dashe kafin zafin Fabrairu da Maris

Wani mai lambu a Ojo, gefen titin Badagiri, ya ce ya dasa tumatir a tsakiyar Janairu. Ya yi ganye shar, amma tun ƙarshen Fabrairu fure ke zubewa, babu 'ya'ya. Yana tambaya ko ya ƙara taki.

Malam, ajiye takinka. Tumatirinka ba yunwa yake ji ba, zafi ne ya same shi a lokacin fure. Idan rana ta haura digiri 32, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 22 ko makamancin haka, garin da ke cikin furen yakan lalace, barbara ba ta yiwuwa, sai ka ga gindin furen ya yi ruwan ɗorawa ya faɗi da kansa. Fabrairu da Maris su ne watanni mafi zafi a Legas, kuma abin da ke cutar da mu a nan daren ne. A Kadawa ko Zariya, komai zafin rana a lokacin hunturu, dare na yi sanyi zai sauko, shuka ta huta. Nan kuwa laimar teku ta riƙe zafin har asuba. Shi ya sa wanda ya taho da lissafin gida bai gyara ba yakan sha mamaki.

Ka riƙa ƙirgawa daga fure ka koma baya. Iri yana yin sati 3 zuwa 4 a wurin reno, fure kuma yana fitowa kamar sati 4 zuwa 5 bayan dashe. Muna so furen ya faɗo cikin ɗan hunturun da muke samu, daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu. Ke nan a zuba iri a tsakiyar Oktoba ko ƙarshensa, a yi masa 'yar rumfa da ganyen kwakwa saboda ragowar ruwan sama, a dasa a Nuwamba. Daga ƙarshen Janairu ka fara tsinka. Attarugu da tattasai sun fi jinkiri a wurin reno, sukan kai sati 6, don haka su za a fara zubawa.

Na bana kuwa, gaskiya kada ka sa rai da yawa. Ka rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, ka yi ban ruwa da sassafe, sannan ka watsa alayyafo tsakanin layuka don wahalar ɗibar ruwa kada ta tafi a banza. Ƙasar Ojo rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Tura yatsa da azahar, in ka ji ta bushe har gaɓa ta biyu, a sake ba shi da yamma.

Wata Hajiya a Agege mai shuka a buhuna bayan ɗaki ta ce latas ɗinta ya yi tsawo ya yi ɗaci. Me za ta shuka yanzu?

Hajiya, latas da ya fitar da kara ya gama, a cire shi. Ki bar shi sai Nuwamba zuwa Janairu. Masu son zafi su ne alayyafo, lalo da kuɓewa. Alayyafo sati 3 zuwa 4 ya isa miya, don haka kada ki zuba duka rana ɗaya. Ki cika buhu biyu yau, wasu biyun bayan sati biyu, ba za ki rasa ganye ba. Irin lalo yana da taurin ɓawo. Ki ƙulle shi a ƙyalle, ki tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta na 'yan daƙiƙoƙi, ki shanya a inuwa, sannan ki shuka. Buhunan kuma ki ɗaga su daga kan siminti, ki ɗora a kan katako, domin simintin da ya sha rana dafa saiwa yake yi. In kashin kaji za ki sa, sai wanda ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ɗanyen ƙone shuka yake, balle a wannan yanayi.

Wani matashi a Ikorodu ya ce an yi ruwa mai ƙarfi a Maris, ko ya fara dashe?

In kana da rijiya ko rafi kusa, bismillah. In da ruwan sama kaɗai ka dogara, dakata. Ruwan Maris yakan sauka sau ɗaya ko biyu ya ɗauke, rana ta dawo ta ƙone tsiron. Ka jira Afrilu, ruwa ya zauna, kuma ka saurari hasashen damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ke fitarwa a farkon shekara. Ka daina yawan ba irin ruwa, ka rage masa inuwa sati guda kafin cirewa don ya saba da rana, ka yi dashen bayan la'asar. Kunya kuma ka ɗaga ta sosai tun yanzu, saboda ruwan Yuni kwanciya yake yi a fili, kuma tumatir da attarugu ba sa jure kwana a cikin ruwa.