Tallafin Kuɗin Raino a Ingila: Ki Duba Bizarki Kafin Ki Cike Fom

Tun da aka faɗaɗa awoyin raino na kyauta a watan Satumba na 2025, wasiƙun 'yan uwanmu mazauna Birtaniya kusan duk a kan magana ɗaya suke zuwa. Alƙaluman da zan kawo na 2025 ne, kuma gwamnati tana sabunta su duk shekara, saboda haka a duba shafinta kafin a ɗora lissafin gida a kansu.

Tambaya: Anti, ina aikin kula da tsofaffi da bizar aiki, maigidana yana aikin sito da dare. 'Yarmu za ta cika shekara uku a Nuwamba, ƙaninta yana da shekara ɗaya. Kuɗin raino ya kusa cinye albashina. Matan wurin aiki sun ce in nemi rainon kyauta na awa 30 a mako, ni kuma ina tsoron kada ya ɓata mini takardu. Ko barcin kirki ba na yi. (Wata uwa, Bradford)

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki sa hannu a komai. Ki buɗe bizarki ta intanet, za ki ga sharaɗin da ya hana ki karɓar kuɗin tallafin gwamnati. Kusan duk mai bizar aiki ko ta karatu yana ɗauke da shi. Muddin yana nan, awa 30 na iyaye ma'aikata ba rabonki ba ne, haka Tax-Free Childcare (asusun da gwamnati ke ƙara wa iyaye kuɗin raino a ciki) da Universal Credit (tallafin masu ƙaramin samu) da Child Benefit (kuɗin tallafin yara). Na san da ciwo, ana cire miki haraji kamar kowa. Da a ce ɗayanku yana da izinin zama na dindindin, da shi sai ya nema da sunansa.

To amma 'yarki tana da haƙƙinta. Kowane yaro ɗan shekara uku da huɗu a Ingila yana da awa 15 a mako na tsawon mako 38, wato awa 570 a shekara, kuma ba ruwan wannan da bizar iyayensa ko albashinsu. Yana farawa ne daga zangon da ya biyo bayan cikar shekara uku, ke nan taki daga 1 ga Janairu. Ki je wurin rainon tun yanzu da takardar haihuwarta, su za su ba ki fom. Ki tambaye su ko suna shimfiɗa awoyin su ratsa duk shekara, kimanin awa 11 a mako, don kada dogon hutu ya zo miki da nauyi. Shi kuma ƙaramin, in ya cika biyu, tun Satumba na 2022 aka buɗe wa masu irin bizarki ƙofar awa 15 in samun gidan bai wuce iyaka ba: fam 30,600 a shekara bayan haraji ga masu yara biyu a wajen Landan, fam 38,600 a cikin Landan, kuma ajiyar banki kada ta wuce fam 16,000. Da ku biyu kuna aiki wataƙila kun haura, amma ki lissafa, in kun shiga ki nema ta ƙaramar hukumarku.

Tambaya: Hajiya, wani ɗan garinmu yana cike wa mutane fom na Universal Credit a kan fam 150, ya ce hukumar biza ba ta ganin abin da ake yi a ofishin tallafi. Ina digiri na uku, iyalina suna tare da ni. In ba shi? (Magidanci, Luton)

Amsa: Malam, mai karatu irin naka bai kamata ya yi wannan tambaya ba. Ofishin tallafi yana tantance matsayin biza ne daga Ma'aikatar Cikin Gida. Sunanka ne a kan fom ɗin, ba nasa ba. Ran da ta tashi, kai za a ce ka mayar da kuɗi, kai ka karya sharaɗin biza, kai za a iya hana wa sabuntawa ko izinin dindindin, shi kuma ya riga ya ci fam 150 ya canza lambar waya. Ka je ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arka ka tambayi asusun agajin gaggawa, ko ka je Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, ba su karɓar ko kwabo.

Tambaya: Anti, mu mun samu izinin dindindin, dukkanmu muna aiki. Muna biyan fam 800 a wata wa ɗanmu mai shekara ɗaya da rabi. Tsakanin Tax-Free Childcare da Universal Credit wanne ya fi? (Ƙanwarki, Manchester)

Amsa: Kafin ki zaɓa, ki fara neman awa 30, don tun Satumba na 2025 yaro daga wata tara ya shiga. Sharaɗin shi ne kowannenku ya samu aƙalla kwatankwacin aikin awa 16 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, kimanin fam 195 a mako, kuma kada ɗayanku ya wuce fam 100,000 a shekara. Za a ba ki lamba ki kai wa masu rainon. Ki kiyaye ranaku uku: 31 ga Agusta, 31 ga Disamba, 31 ga Maris. In ranar ta wuce ba ki da lamba a hannu, sai zango na gaba. Kuma duk bayan wata uku sai kin shiga asusunki na shafin gwamnati kin sake tabbatar da bayananki. A nan ake yawan asara, saƙo ya zo a manta da shi.

Abin da ya rage bayan awoyin kyauta shi ake nema wa ɗayan biyun, kuma ba a haɗa su. A Tax-Free Childcare, duk fam 8 da kika zuba gwamnati ta ƙara fam 2, har zuwa fam 500 a wata uku ga kowane yaro. A cikin fam 800, ke ki zuba fam 640, gwamnati ta ƙara fam 160. Universal Credit yana iya mayar da kashi 85 cikin ɗari, har zuwa fam 1,031.88 a wata ga yaro ɗaya, amma yana raguwa gwargwadon albashinku, kuma sai kin biya tukuna a mayar miki. Masu ƙaramin albashi da kuɗin haya galibi shi ya fi musu. Kada ki rufe ɗaya sai kin sa alƙaluman gidanki a ma'aunin da ke shafin gwamnati. Sannan ki nemi takardar biya mai fayyace komai, don ana cajin abinci da kunzugu da ƙarin awoyi daban, kuma ƙa'ida ta ce ba a tilasta wa iyaye waɗannan a matsayin sharaɗin samun awoyin kyauta.

Tambaya: Anti, akwai wata 'yar ƙasarmu a unguwarmu da ke karɓar yara a gidanta, fam 20 a wuni, kuɗi hannu. Tana ba su tuwo, tana koya musu addu'o'i. Mai raino mai rajista ta ce mini fam 55. Yaran wurinta sun kai tara, amma tana da kirki. Muna da izinin dindindin, ni da maigida muna aiki kwana biyar. Ba gara in kai wa tamu ba? (Mai ɗa ɗaya, Birmingham)

Amsa: Ƙanwata, a'a, kuma ki yi haƙuri zan daɗe a kan wannan, don ba abin da ke tayar mini da hankali irinsa. Ban musa kirkinta ba. Amma hannu biyu Allah ya ba ta, yara kuwa tara.

Doka a Ingila ta ce duk wadda za ta riƙe yaran da ba su kai shekara takwas ba a gidanta, fiye da awa biyu a rana, don a biya ta, sai ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren raino, ko da wata hukumar masu raino da aka amince da ita, sai fa in dangin yaron ce ta kusa. Mai rajista ba ta wuce yara shida 'yan ƙasa da takwas, a cikinsu uku kaɗai ƙanana da ba su isa makaranta ba, jariri ɗan ƙasa da shekara kuwa a ƙa'ida ɗaya. Ba don a wahalar da mutane aka sa wannan iyaka ba. In wuta ta tashi a bene, yara nawa mace ɗaya za ta sauko da su? In ƙwayar inabi ko gyaɗa ta maƙale wa yaro a wuya tana kicin, ta san abin da za ta yi a mintunan farko? Mai rajista dole ta yi horon agajin gaggawa na yara, dole ta yi inshora, kuma ana binciken tarihin duk wanda ya kai shekara 16 da ke zaune a gidan. Ke kin san wa ke shiga gidan nan da rana?

Za ki ce a gida haka muka tashi, ana bar wa maƙwabciya yaro a je unguwa. Gaskiya ne, amma a tsakar gida akwai kaka, akwai matan gida, akwai 'yan mata, ido ya yi yawa. A nan mace ɗaya ce a rufaffen ɗaki, ba mai leƙowa.

Yanzu mu zo kan kuɗin, tunda shi ya ja ki. Tallafin gwamnati ko wane iri ba ya bin wadda ba ta da rajista. A wurinta fam 100 za ki biya a mako. A wurin mai rajista, awa 30 sun ɗauke miki wuni uku masu awa goma, saura wuni biyu fam 110, Tax-Free Childcare ya sauke shi zuwa fam 88, ban da abinci. A makonnin hutu lissafin yana hawa, ban ɓoye miki ba, amma ratar duk shekara kimanin fam 1,200 ce. Wasunmu suna kashe fiye da haka a anko da gudummawar biki da sabuwar waya ba tare da sun yi ƙorafi ba, sai an zo kan lafiyar yaro a fara neman araha. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.

Ko wadda ta ce tana da rajista, kada ki tsaya a baki. Ki ga takardar, ki ɗauki lambar, ki karanta rahoton bincikenta a shafin Ofsted, ki kuma je ba tare da kin sanar ba ki ƙirga yaran da idonki. Kada ki yarda a sa lambar wata a fom alhali ɗanki yana hannun wata, zamba ce kuma da sunanki.

Waɗanda biza ta rufe wa ƙofar tallafi, ban manta da ku ba, na san ba ganganci ke kai ku can ba. Ƙawaye biyu suna iya karɓa-karɓar rainon yaransu muddin ba kuɗi a tsakani. An halatta wannan a 2010, bayan ce-ce-ku-cen da ya tashi a 2009 kan wasu 'yan sanda mata biyu da ke riƙe wa juna yara. Miji da mata suna iya neman a saɓa musu lokutan aiki. Abin da ba zan yi wa kowa uzuri a kansa ba shi ne kulle ƙananan yara a gida a tafi aikin dare. Laifi ne barin yaro cikin haɗari, kuma hanya ce ta rasa shi zuwa hannun hukuma. Ita kuma baiwar Allahn nan mai karɓar yara a unguwarku, in kina ƙaunarta, ki ba ta shawara ta yi rajista in bizarta ta ba ta damar sana'ar kanta. Mai raino Bahaushiya mai takarda, mai abincin halal, ba za ta rasa iyaye ba.

Tambaya: Anti, shekarata shida a nan, ina da izinin dindindin, na samu gurbin digirin farko na aikin jinya. Yarana biyu, mijina direban bas ne. Awa 30 za su ci gaba? (Ɗaliba, Leeds)

Amsa: Barka, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Karatu ba ya shiga lissafin aiki, don haka in kin ajiye aiki gaba ɗaya awa 30 za su tsaya. Naki shi ne Childcare Grant na masu digirin farko na cikakken lokaci: kashi 85 cikin ɗari na kuɗin raino, har zuwa fam 199.62 a mako ga yaro ɗaya, fam 342.24 ga biyu ko fiye, gwargwadon samun gidanku. Ba bashi ba ne, kuma kai tsaye ake biyan mai rainon. Ba a haɗa shi da Tax-Free Childcare ko kuɗin raino na Universal Credit. Ɗaliban jinya kuma suna da asusun hukumar lafiya ta NHS mai ba da fam 5,000 a shekara da ƙarin fam 2,000 ga masu yara. Ki nemi mai rainon da ke buɗewa da sassafe tun kafin a tura ki asibiti koyon aiki.

Tambaya: Hajiya, in kawo mahaifiyata daga Katsina da bizar ziyara ta riƙe mana jariri? (Sabon uba, Landan)

Amsa: Ta zo ta ga jikanta, ta taya maijego wanka, wannan daidai ne. Amma bizar ziyara wata shida ce iyakarta kuma ba ta halatta aiki. In aka fahimci an mai da ita mai raino ta dindindin, tana fita tana dawowa, ana iya hana ta shigowa. Kada ka biya ta albashi, kuma ka tanadi wani tsarin kafin ta koma.

Tambaya: Anti, duk wannan ya shafe mu? (Uwar tagwaye, Glasgow)

Amsa: Awoyin da na lissafa na Ingila ne. A Scotland, tun Agusta na 2021 kowane ɗan shekara uku da huɗu yana da awa 1,140 a shekara, ko iyayensa suna aiki ko ba sa yi, kuma ta ƙaramar hukuma ake nema. Tax-Free Childcare da Universal Credit kuwa duk Birtaniya ne, da sharaɗin bizarsu.