Karatu kyauta ne a Norway har yanzu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko har yanzu karatu kyauta ne a Norway. An daina. Tun 2023 ɗaliban da ba 'yan Turai ba suke biyan kuɗin makaranta. Sweden ta fara tun 2011, Finland kuma 2017. Mafitar da nake gani ita ce digirin digirgir, domin a Norway da Sweden aiki ne, albashi ake biyanka. In digiri na biyu kake so, nemi tallafin karatu a Sweden na Swedish Institute, wata hukumar gwamnatin Sweden, amma cike takardun shiga jami'a yakan rufe tsakiyar Janairu. Ka kuma shirya wa duhu: a Tromsø, wani birni a arewacin Norway, rana ba ta fitowa kusan wata biyu a hunturu, sai ka duba agogo kafin ka san lokacin Azahar.