Jar tutar jihohin kudancin ƙasar Amurka: tunawa da kakanni ce ko kare bauta?

Tambaya: Malam, ina karatu a jihar Alabama. Maƙwabcina farar fata ya liƙa wata jar tuta mai shuɗin gicciye da fararen taurari a motarsa. Ya ce don tunawa da kakan kakansa ne da ya mutu a yaƙin basasa, abokaina baƙaƙen fata kuwa sun ce alamar wariya ce. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan uwa, zancen kakan nasa na iya zama gaskiya. Yaƙin da aka gwabza tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865 ya ci rayuka sama da 600,000. Da yawa daga sojojin Kudu talakawan manoma ne da ba su mallaki ko bawa ɗaya ba, kuma daga 1862 tilas aka riƙa ɗibarsu. Dokar ma sai ta yafe wa farar fata ɗaya zuwa fagen daga a duk gonar da ke da bayi 20, abin da ya ƙona wa talakawan rai.

Sai dai dalilin yaƙin ba ɓoyayye ba ne. Jihohin Kudu 11 suka ɓalle bayan zaɓen Abraham Lincoln a matsayin shugaban ƙasa, lokacin da bayi kusan miliyan 4 ke ƙasar. Mississippi ta rubuta ƙarara a takardar ɓallewarta cewa bauta take karewa, kuma mataimakin shugaban 'yan awaren, Alexander Stephens, ya faɗa a Savannah a 1861 cewa a kan fifikon farare aka aza tubalin gwamnatinsu.

Ita wannan tuta ma ba ta taɓa zama tutar ƙasar 'yan awaren ba. Asalinta tutar fagen daga ce ta rundunar da Janar Robert E. Lee ya jagoranta, an ƙirƙire ta ne don tutar 'yan awaren ta farko tana kama da ta Arewa, har sojoji suka rikice cikin hayaƙin bindiga a gumurzun da aka yi a Manassas. Bayan yaƙi ta fi fitowa a maƙabartu da tarukan tsofaffin sojoji. Siyasa ce ta fito da ita titi: a 1948 jam'iyyar Strom Thurmond mai kare wariya ta ɗauke ta, a 1956 kuma Jojiya ta saka ta cikin tutar jiha, shekara biyu bayan Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata. Wannan tarihin abokanka ke gani, wasunsu iyayensu sun shaida shi da idonsu.

A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi. Ziyartar kabarin kaka daban, kafa tuta a bainar jama'a daban. Karolina ta Kudu ta sauke tata daga harabar majalisa a Yulin 2015, bayan wani matashi da ya ɗau hotuna da tutar ya harbe baƙaƙen fata 9 a cocin Emanuel da ke Charleston. Mississippi ce ta ƙarshe, ta cire alamar daga tutarta a 2020.